Yaɗiyar da Ta Fito da Dikko

Duk wanda ya saba bin hanyar Tudun Wada zuwa Doguwa a shekarun tamanin da casa'in, in dai ƙishirwa ta taɓa ratsar da shi wata 'yar ruga da ke gefen titi, to ya san rumfar Inna Barakatu. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da ciyawa ta ƙone ƙurmus, ita kore take shar. Matafiya kan yaba inuwar, su sha fura su wuce, ba su san abin da ta ci kafin ta tsaya ba.

Barakatu 'yar gajeruwa ce mai saurin ƙafa, wadda ta girma da ƙwaryar nono a kai. Ba ta iya roƙo ba, ba ta iya lallashi ba, kuma in ta ƙudurta abu sai ta ga ƙarshensa. Mijinta Dikko makiyayi ne da ya san daji ciki da waje. Yana da wani hali da ya sha haɗa su faɗa: ba ya iya ganin ana aiki ba daidai ba ya yi shiru. Ko igiya ka ɗaure a karkace sai ya kwance ya sake.

A 1983 annobar shanu ta shigo ƙasar, ta share garken Dikko tas. Da saniyar ƙarshe ta faɗi, ya dawo gida ya rataye sandarsa da malafarsa, ya shiga ɗaki. Ba ciwo yake yi ba. Yana cin ɗan abin da ya ci, yana sallarsa a ciki, amma in ba kewayawa ba, ba ya taka ƙofa. Ƙaninsa Hamman ya kawo masa aron karsana irin na Fulani, in ta haihu 'ya'yan su zama nasa, ya ƙi ko leƙowa. An yi addu'a, an yi nasiha, mutum sai ƙara ramewa yake. Barakatu ta tsorata ƙwarai, don ta gane in aka ci gaba a haka, a makara za a fito mata da shi.

Ana gab da damina ta kira maƙwabcinsu Balarabe, ta sa ya kafa mata rumfa daidai ƙofar ɗakin Dikko. Da ya tashi shimfiɗa zana a sama, ta hana.

"Ganye nake so, Malam Balarabe, mai rai. Wanda zai hau ya rufe, ya kai ni bazara."

"To ki sa kabewa mana, Inna. Ga inuwa, ga miya."

Matarsa Dije ta ce a'a, duma ya fi, ko ba komai mai nono ba ta rasa ƙwarya ba. Barakatu ta ɗaga murya, ta yi ta tambayar kowa, har masu zuwa sayen fura. Mutum ɗaya ne kawai ba ta tambaya ba, kuma shi ne wanda kunnensa ya fi kusa.

Ta shuka kabewa da duma gaba ɗaya. Damina ta yi kyau, rumfa ta lulluɓe, har wata ƙatuwar kabewa ta tsinko ta faɗa cikin ƙwaryar kindirmo, Dije ta yi dariya har da riƙe ciki. Kaka na yi komai ya bushe, sai busassun igiyoyi suna lilo. Barakatu ta tsaya tana tafa hannu tana salati, wai ita mamaki take. Daga cikin ɗaki ta ji an yi gyaran murya, irin na wanda magana ta tokare wa wuya. Murna ta kama ta, amma ko waiwayawa ba ta yi ba.

Maganar gaskiya, Barakatu ta san abin da ya kamata ta shuka tun kafin a kafa gwafar farko. Wace 'yar Fulani ce ba ta san yaɗiya ba, wannan ganyen daji mai hawa bishiya, da ba ya jin rani, wanda ake kwaɗawa a ci in abinci ya yi wuya? Amma ta haɗiye saninta, kuma haɗiyar ba ta yi mata daɗi ba. A bakin rijiya mata suna cewa wahala ta taɓa mata kai. Wasu suka ce ashe sayar da nono kawai ta iya, ba ta san daji ba. Ga mace mai ji da kanta irin Barakatu, wannan magana ta fi mari zafi.

Da rani ya tsaya ta shuka soso, tana yi masa ban ruwa da tsakar rana don ganganci, ya ƙone. Sai ta zauna ƙarƙashin ƙwarangwal ɗin rumfar ita da Dije, ta ce da ƙarfi:

"Na haƙura, Dije. Duk dajin Allah babu ganyen da ke kai bazara da ransa. Babu shi."

Can sai wata dusasshiyar murya ta fito daga ɗaki.

"Akwai."

"Na'am?"

"Yaɗiya," in ji Dikko.

Washegari ta shiga daji ta yanko yaɗiya, ta bar saiwar a can, ta zo ta sossoka reshen a ƙasa. Labulen ɗaki ya motsa.

"Ke! Rogo ne da za ki soka shi haka? Ina saiwar?"

"Ni dai iyakar iyawata ke nan," ta ce, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi kasuwa.

Da safe ta duba inda sanda take rataye, babu sanda, babu malafa. Ta zauna a kan turmi. Zuciyarta ta ce ta bi shi kada ya faɗi a hanya, ta danne. Da hantsi sai ga shi yana tafe yana haki, zufa ta jiƙa masa riga, malafar cike da yaɗiya da saiwarta da ƙasarta. Ya durƙusa ya haƙa rami a gindin kowace gwafa.

Shuka kuwa ba a dasa ta a koma ɗaki. Sai an ba ta ruwa da yamma, sai an ɗaura mata hanya ta hau, sai an kewaye ta da ƙaya saboda awaki. Garin korar akuyar Dije, Dikko ya lura tana ɗingishi, ya kama ƙafar ya gyara mata kofato. Labari ya bazu, masu dabbobi suka fara sallama. Kafin yaɗiya ta gama rufe rumfar, karsanar Hamman tana ɗaure a gefenta.

Shekaru suka tura, 'yan shanu suka taru. Dikko ya mayar da rumfar fadarsa, kuma ba baƙon da zai zauna bai ji labarin ba.

"Ka ga wannan baiwar Allah? 'Yar Fulani guda, amma ba ta san yaɗiya ba sai da na nuna mata!"

Barakatu takan ci gaba da dama furarta. Ko sau ɗaya ba ta ƙaryata shi ba.

A bazarar 1996 ciwon ajali ya kama shi. Aka so a kwantar da shi a ɗaki, ya ce atafau, a shimfiɗa masa a rumfa. Wata la'asar, suna zaune su biyu tana yi masa fifita, ya daɗe yana kallon ganyen da ke samansa.

"Ke," ya ce a hankali, "ranar da na fara zuwa rugar babanki, kwaɗon me kika kawo mini?"

Maficin ya tsaya a hannunta. Ta sunkuyar da kai kamar yarinya.

"Na yaɗiya," ta ce.

"Ban manta ba. Ko ranar da kika soka ta kamar rogo, ban manta ba." Ya lumshe ido yana murmushi. "Allah Ya saka miki da alheri, Barakatu."

Tun da aka ɗaura musu aure, ran nan ne ta fara jin sunanta a bakinsa.