Wankan Kofur Mahadi

Mahaifina, Kofur Mahadi Furfuri, ya tuɓe kaki tun ina goye, amma har ya koma ga Allah ba a daina ce masa Kofur ba, shi ma bai daina tafiya kamar mai jin ganga ba. Ko gona zai je sai ya wanke takalminsa na roba tas. A Gusau ya raine mu, mu shida, cikin gidan ƙasa da ya gina da hannunsa lokacin yana gadin wani kamfanin auduga. Da damina kuma ya hau tsohon kekensa ya nufi Furfuri, gonar gado, ya dawo da yamma da ganyen yakuwa a ɗaure a bayan sirdi.

Ina shekara tara Innarmu ta rasu. Wata huɗu cur Baba ne ke tuƙa mana tuwo, maƙwabta na leƙe suna dariya, shi kuwa ko a jikinsa. Ya ce a bariki ya dafa wa ƙarti talatin, balle mu. Tuwon nan duk gudaji ne, miyar kuma gishiri kamar me, amma ba wanda ya isa ya rage. Yau da za a ba ni malmala ɗaya ta tuwon nan, wallahi da kuka zan cinye ta.

Ni ce Shafa'atu, ta uku, kuma ni na ɗauko zuciyarsa. Da bakinsa yake cewa da ni namiji ce, da mako guda zan yi a soja a kore ni saboda baki. Da jikoki suka zo sai mutumin ya yi laushi har ya ba mu haushi. Mu da kallo kawai yake tsayar da mu, amma 'yata Indo tana cire masa hula ta gudu, yana bin ta yana cewa amaryarsa ta raina shi, zai mayar da ita gidansu.

Labarin yaƙi kam ba ya yin sa da kowa sai da mutum ɗaya, Baba Yari na Tsafe. Rana ɗaya aka ɗauke su soja lokacin yaƙin basasa, mota ɗaya ta kai su Zariya. Baba ya samu igiya biyu, Baba Yari bai samu ko ɗaya ba, don haka har tsufansu Baba na kiransa Kurtu. Wata ɗaya Baba ya je Tsafe, wata ɗaya Baba Yari ya zo Gusau. Su baje a zaure suna gardamar wa ya fara gudu ran da aka buɗe musu wuta, gardamar da ba ta taɓa ƙarewa ba.

Shekara uku kafin rasuwar Baba na kai masa fura, ya ce in zauna.

“Shafa, ki jiya da kyau. Ran da na mutu, Yari za shi wanke ni. In shi ya riga ni, ni za ni wanke shi. Alkawali na munka yi.”

Ya ba ni labarin wani ɗan garinsu da suka binne a bakin kogi, can kudu, da kakinsa da takalminsa. Ga ruwa suna kallo, ba halin ɗiba saboda harsashi. A bakin ramin nan suka riƙe hannun juna suka yi alkawarin.

Na ce, “Baba, don mi ba ka gaya ma Yaya Bashar ba? Shi na babba.”

Bashar ɗan fari ne, Baba ba ya kama sunansa. Ya ce, “Na gaya ma wancan. Amma in mutane sunka taru kainai, ba ya iya cewa a'a. Ke kau ba ki san wata kalma ba sai ita.”

Bara, ranar wata Talata da hantsi, Baba ya cika bayan jinyar mako guda. Kafin mu gama salati Yaya Bashar ya buga wa Idris, ɗan Baba Yari, don tsohon ba ya riƙe waya. Tsafe zuwa Gusau tafiyar awa guda ce, hankalina kwance. Kafin sha ɗaya an gama haƙa kabari, an kawo likkafani, an daka ganyen magarya. 'Yan'uwa sun iso daga Furfuri da Bungudu, ƙofar gida ta cika. Aka kira azahar, babu Baba Yari.

A wajenmu ba a ajiye gawa, kowa ya san haka, ni ma na sani. Ga zafi, ga mutanen ƙauye na son su kama hanya da sauran rana, don yanzu ba mai son yamma ta riske shi a daji. Da na ga Yaya Bashar ya shigo cikin gida da bokiti, liman na biye da shi, sai na ja tabarma na zauna a bakin ƙofar ɗakin Baba, na miƙe ƙafafuna.

“Shafa, tashi. Mutane na jira.”

“Ba ni tashi, Yaya. Ka san abin da ya ce.”

“Na sani. To in bai zo ba hwa? Mu bar shi kwance har gobe?”

Gwaggonmu ta taso tana tafa hannu, wai ina wahalar da gawa, wai wannan taurin kai har ranar mutuwar ubana. Matan gida suka yi caa a kaina. Na mayar wa kowacce, ban bar ko ɗaya ba. Amma a raina tsoro nake kada ya zamana su ke da gaskiya, ina cutar da mutumin da nake son in kyauta wa. Liman dai mutumin kirki ne. Ya ce wasiyya ba abin wasa ba ce, a jira zuwa la'asar, amma daga la'asar ba ƙari.

Na karɓi waya na kira Idris da kaina. Nan na ji abin da ya faru. Ashe bai gaya wa tsohon ba. Ka san halinmu, ba a faɗa wa dattijo mutuwa gaba-gaɗi, balle mai hawan jini. Sai ya ce masa jikin Kofur ne ya ɗan matsa, ya kamata ya je ya duba shi. Baba Yari kuwa ya ce ba ya zuwa gaida mara lafiya hannu rabbana. Ya ɗauki sandarsa ya tafi bayan gari neman zuma mai kyau wurin wani mai amya, don ita kaɗai tarin Kofur ke ji. Sai wajen azahar ya nufi tasha, shi kaɗai, bai yarda a raka shi ba. Abin da na gaya wa Idris a wayar nan ba zai rubutu ba. Daga baya na ba shi haƙuri, amma ba har zuci ba.

Aka kira la'asar. Ba zan ɓoye ba, na tashi. Na naɗe tabarmata, na ce a raina Baba ka yafe mini, na yi iyakar yina. Na fita zaure don kada in ga shigarsu ɗakin, ina kuka kamar ƙaramar yarinya. Daga nan na hango ɗan kabu-kabu ya tsaya a bakin layi, wani dogon tsoho na saukowa a hankali, kwalba a hannunsa.

Ya yi taku kaɗan, ya ga tabarmi, ya ga makara jingine da bango. Ya tsaya cak. Ya sunkuya ya ajiye kwalbar zumar a ƙasa, ya yi salati, sannan ya dubi Yaya Bashar da aka kira da gudu.

“An yi mai wanka?”

“Ba a yi ba, Baba.”

Ya miƙa wa wani sandarsa, ya fara naɗe hannun riga.

Yaya Bashar ke zuba ruwa, Baba Yari yana wankewa. Na koma na raɓe a jikin ƙofa. Ina jin zubar ruwa, ina jin ƙamshin magarya, sai kuma na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi in suna hira a zaure.

“Kofur, ga Kurtu ya iso. Ka yi haƙuri, ba a gaya min daidai ba.”

Aka kai Baba da sauran rana. Mutanen Furfuri suka samu komawa gida lafiya.

Ranar sadakar uku, da zai tafi, Baba Yari ya aika a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce ya ji abin da na yi, Allah ya yi mini albarka, ya ba ni masu tsaya mini. Ya juya yana kallon inda Baba ke zama.

“Ɗiyata, shekara hamsin da biyar ina roƙon Allah in riga shi, don kar in ga ranar ga. Ashe shi ma abin da yake roƙo ke nan. Nashi roƙon anka karɓa.” Ya juyo ya dube ni. “To ni kuma, wa za shi wanke ni?”

Na buɗe baki in ce ga Idris, ga Yaya Bashar, sai na ga ba abin da yake tambaya ke nan ba. Abokin alkawarinsa yake nema, ga shi babu. Ya dafa bango ya miƙe, ya ce in gaida yara.