Yadda Aka Sayar da Zeedam da Bakin Munzali

A unguwar Madain Fahd ta Jidda ba mai kiran Munzali da sunansa, Kabtin ake ce masa. Mutumin Tudun Wadar Kaduna ne, ya doshi hamsin, yana ɗan ɗingisa ƙafar hagu. Ya jima a Jidda yana koyar da ƙwallo a wata makarantar horar da yara, mallakar wani ɗan kasuwa mai suna Hamad, wanda kakanninsa suka zo Hajji daga Katsina suka yi zamansu. Hamad ɗin ne kafilinsa, wato wanda ya tsaya masa yake zaune a ƙasar.

Tun yana saurayi wani dillalin 'yan wasa ya kai shi ƙasar Holan, wani ɗan gari a bakin teku da ake kira Zeedam. Kulob ɗin garin a rukuni na biyu yake. Ma'aikatan kamfanin ƙyafe kifi ne suka kafa shi tun zamanin kakanni, don su sami abin yi ranar hutu. Sau ɗaya tak ya taɓa hawa rukuni na ɗaya, aka yi ta lakaɗa masa kashi duk mako har ya koma inda ya fito. Da ya taɓa karyewa, mutanen gari ne suka yi karo-karo suka tashe shi. Filinsu yana dab da wata mashigar ruwa, in ƙwallo ta faɗa ciki sai wani tsoho ya tsamo ta da doguwar gora, 'yan kallo suna yi masa tafi. A nan Munzali ya tsare baya har gwiwarsa ta ƙi, ya tattaro ya dawo. Mutanen ba su manta da shi ba. Duk shekara Henk, golansu na wancan lokaci, sai ya aiko masa da barka da Sallah.

Wata rana bayan La'asar Hamad ya kira shi ofis, ya zuba masa gahawa da hannunsa, abin da bai taɓa yi ba.

"Ya Kabtin, ta'al, zauna. Wannan nadi naka, kulob ɗin Holanda, an ce ya sake faɗuwa. Ni da abokaina muna so mu raya shi. Amma mutanen garin suna tsoron baƙo, kuma sai sun yarda za a sayar. Kai sun san ka. Kalma biyu bas, a kamara."

Munzali ya kira shi da alkunyarsa ya ce, "Ya Abu Othman, filin fa? Ba za a taɓa shi ba?"

"Wallahi ko ciyawa ɗaya. Khalas, kwantar da hankalinka."

Aka sa masa tsohuwar rigarsa koriya mai ratsin fari, tumbinsa na neman yaga ta. Ya tattaro ɗan yaren Holan da ya rage a bakinsa, ya shaida wa mutanen Zeedam cewa ya san Hamad, mutumin kirki ne, su saki jiki. Aka nuna hoton a ɗakin taron garin. Henk ya ce har da masu hawaye. Suka amince.

Ba a rufa shekara ba abubuwa suka fara wari. Aka canza launin riga, aka manna wa kulob sunan wani kamfani, aka sallami masu gyaran fili. 'Yan wasan da ke da ɗan abin kirki aka watsar da su ɗaya bayan ɗaya kamar kaji a kasuwar Sallah. Daga ƙarshe aka mayar da lasisin buga wasa, aka ce asara ta yi yawa. Ashe tun farko filin ake hange, saboda kusancinsa da tashar jiragen ruwa. Henk ya aiko da hoton katafila tana rushe rumfar 'yan kallo. A ƙarƙashi ya rubuta: "Kai ka ce mana mu yarda."

Munzali ya nufi gidan shaƙatawar Hamad da ke bayan gari, inda yake tara abokai. Ya tarar da su kishingiɗe a kan kilisai, hayaƙin shisha ya turnuƙe wurin. A tsakiyarsu ga wani kofin azurfa mai hannu biyu, wanda ya sha gani a cikin akwatin gilashi a Zeedam, kofi ɗaya tilo da kulob ɗin ya taɓa ci. An cika shi da ƙwallon dabino da ɓawon 'ya'yan kankana. Yana tsaye wani mai ƙiba ya kakaro majina ya tofa a ciki.

"Ahlan Kabtin!" in ji Hamad. "Ka ga tsarabarmu? Yalla, zauna ka ci kabsa."

"Ka yi min rantsuwa a kan filin nan."

Hamad ya yi dariya. "Ya akhi, tijara ce, kasuwanci. Kulob ɗin da bai iya komai ba sai shan kashi? Mun huta da shi, su ma sun huta."

Munzali ya juya. Ya fita waje ya dafa bango, sai da ya amayar da abin da ya ci da rana.

A gida matarsa Zakiyya ta ce ya yi haƙuri, iƙamarsu, takardar izinin zama, tana hannun mutumin, ga yara a makaranta. Ya ci gaba da zuwa aiki, amma in Hamad ya miƙo hannu sai ya dafa ƙirjinsa kawai ya wuce. Da kwantiraginsa ya ƙare ya ƙi sabuntawa. Ya sha wuya kafin ya sami wani kafilin, mai ɗakin motsa jiki a unguwar Sa'alaba, inda yanzu yake nuna wa masu teɓa yadda ake ɗaga ƙarfe.

Ya ji labarin mutanen Zeedam sun kafa wata 'yar ƙungiya a can rukunin ƙasa, suna buga wasa a filin wata makaranta. Ya yi wa Henk dogon saƙon murya yana ba da haƙuri. Wayar ta nuna an saurara. Har yau ba amsa.