Tela Ya Rage wa Jirgi Tsawo

Shekara arba'in da ɗaya Tela ya yi yana yanka yadi a kan teburi ɗaya, har ranar da ya share minti goma yana neman kafar allura bai samu ba. Ya ajiye zaren, ya ce to, aiki ya sallame shi. Keken ɗinki ya bar wa maƙwabcin shagonsa, amma teburin ya sa aka ɗauko masa har gida. Sai da aka cire ƙofar ɗakin baya kafin ya shiga.

Mutum ne da bai iya zaman banza ba. Auta, 'yarsu da ke aiki a wani gari, ta san halin ubanta, sai ta aiko masa da ɗan jirgin ƙasa na lantarki: kai ɗaya da jajayen tarago uku dogaye, kowanne da taga takwas, da siririn layin dogo mai lanƙwasuwa yadda aka so. Da farko ya ce yarinyar nan ta mai da shi jariri. Kafin mako ya zagayo, sai an yi masa kira uku yake fitowa cin abinci.

Yadda yake fitar da wuyan riga haka ya fitar da hanyar jirgi. Ya kafa ƙusa a kowane ƙarshen teburi, ya ɗaura zare mai tsawon inci ashirin da biyu, ya ɗaure alli a bakinsa, ya ja rabin da'ira nan, rabin da'ira can, ya haɗe su da miƙaƙƙen layi. Hanyar ta ci teburin har kusan baki.

Matarsa kuwa, tun da ta faɗi ta karye a ƙugu, da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu take tafiya. A duk gidan, ta tagar ɗakin baya kaɗai hantsi ke shiga, kuma nan kujerarta take. Kullum da safe takan bi ta ɗan lungun da ke tsakanin teburi da bango, ƙarfen na wucewa da ƙyar, ta zauna rana ta gasa mata ƙugu, tana yi wa direba tsiya. Da Auta ta ji labari, sai ta aiko da jirgi na biyu irin na farko sak, kore, ta ce wannan na Umma ne.

Murna ta kama Tela. Ya rage zaren zuwa inci ashirin, ya zana hanya ta biyu a cikin ta farko. Ya jera jiragen a miƙaƙƙen layi, ya ga akwai sarari tsakaninsu, ya ce ai shi ke nan. Ranar gwaji ya ba matarsa makunnin jirginta, ya riƙe nasa. Jiragen suka tashi suna fuskantar juna, suka haɗu daidai kan kwana. Ƙas! Ja ya kwanta ta gefe, kore ya bi shi.

Ta yi dariya har da riƙe ƙugu.

"Malam, kai da kanka? Shekara nawa kana sa mutane su zauna, su ɗaga hannu, su sunkuya, kafin ka yarda riga ta yi? Yau ka gwada jirgi a tsaye!"

Gaskiyarta. Ya gyara tabarau, ya tura tarago a hankali cikin kwanar. Dogon abu ba ya lanƙwasa tare da layi: tumbinsa yana turowa ta cikin kwana, kai da gindi suna leƙawa waje. Tumbin wancan da kafaɗar wannan ne suka gaisa. Ƙarin sarari na inci ɗaya tak yake buƙata tsakanin layukan.

Mafi sauƙi shi ne a buɗa hanyar waje, amma teburi ya ƙare. Kafintan da ke ƙarshen titinsu ya ba shi wani ɗan falanki mai faɗin yatsa huɗu, ya ce ya ƙara a gefe. Ɗaya gefen teburin manne yake da bango, don haka sai ta wajen lungun. Tela ya ɗora falankin da ƙusa biyu don ya gani, yana cikin auna sabon zare sai ya ji ƙwas, ƙwas, tana tahowa. Ƙafar ƙarfen ta daki falanki. Ta karkata shi, ya ƙi shiga. Ta dubi kujerarta can cikin rana, ta dubi mijinta da alli a hannu.

"Ba komai," in ji ta. "Sai a mayar mini da kujerar falo."

Falon nan ko da tsakar rana sai an kunna fitila, kuma ya sani. Kunya ta rufe shi. Ya sa hamma ya zare ƙusoshin.

Saura a matse hanyar ciki. Ya rage zaren zuwa sha tara, ya sake shimfiɗa layi, ya mai da jirginta waje, nasa ciki. Sarari ya samu, amma kwanar ta yi wa dogayen taragonsa tsini, duk zagaye sai sun yi tsalle sun bar layi. Kwana biyu yana zagaya teburi da hannu a baya. Yana son taragon nan, ba kaɗan ba; har ƙura yake share musu da auduga.

Rana ta uku ya rataya tef ɗin awo a wuya kamar dā. Ya auna, ya ja alli a kan taga biyu na tsakiyar kowane jan tarago, ya aro siririn zarto wurin kafinta.

"Me za ka yi, Malam?"

"Abin da na saba. Wando in ya yi tsawo, ai ba ƙafa ake ja ba."

Ya yanka, ya cire tsakiya, ya haɗa da gam, ya goge. Hannu bai manta ba, ido ne ya ci amanarsa. A shagonsa ba a taɓa samun wanda ya gane inda ya rage tufa ba, amma wannan haɗin ko daga bakin ƙofa ana ganinsa, ɗan karkatacce, da tabon gam. Ya juya taragon yadda tabon zai fuskanci tsakiyar teburi.

Da safe ta bi lungunta, ƙwas, ƙwas, babu abin da ta taɓa, ta zauna cikin rana. Suka kunna. Ja da kore suka haɗu a kwana, suka wuce juna sumul, ko ƙyas. Tela ya yi tafi kamar ɗan makaranta. Ita kuwa tagogi take ƙirgawa.

"Dā takwas ne."

"Fasinja sun ragu."

Ta miƙa hannu ta ce ya ba ta tarago ɗaya. Ta juya shi, ta bi haɗin da babban yatsa a hankali, ta daɗe tana shafawa. Ya fara ba da haƙuri, wai ido ne, wai gam ɗin ba mai kyau ba ne.

"Mayar da shi," ta ce. "Amma ka juyo mini wannan gefen. Shi nake so in riƙa gani in ya zo wucewa."