Kajin Inna

Shekarar da na daina cin kajin gidan gona, babu wanda ban isa ba a Birnin Kudu. Na ishi abokan aikina a makarantar da nake koyarwa, na ishi mai kaji na bakin kasuwa, na ishi matata fiye da kowa. Wadda ban san na isa ba ita ce Inna, ƙanwar mahaifiyata, da ke wani ƙauye a gefen Farin Dutse, can ƙasar Gwaram. Ita ba ta taɓa faɗa ba.

Abin ya faro ne ranar da za mu yi baƙi, matata ta ce in sayo kaji biyu a gidan gonar wani tsohon ɗan ajinmu a bayan gari. Da na tsaya a bakin ƙofa an miƙo mini, da shi ke nan. To ni akwai shisshigi, na ce sai na shiga na zaɓa da kaina. Zafi da wari ne suka fara tarbata. Kaji farare fat a cunkushe, babu inda za ka sa ƙafa. Ba su wuce sati shida ba, amma ƙirjinsu ya fi ƙarfin ƙafafunsu, kaza ta yi taku biyu ta zube tana haki. Akwai wata a kwance dab da mazubin ruwa, tana miƙa wuya ba ta kaiwa, 'yan uwanta suna bi ta kanta. Na tambayi mai gonar abin da ya same ta. Ya ce babu komai, nauyi ne, ai irin waɗannan su ne masu tsoka. Ya ɗago ta ya ce in haɗa da ita, zai yi mini ragi.

Aka dafa, baƙi suka ci suka yaba, ni na kasa kai loma. Tun muna yara aka koya mana dabba tana da haƙƙi: a ba ta ruwa, a wasa wuƙa, kada a yanka wata a gaban wata. Duk muna kiyaye wannan a ranar yanka. Ban taɓa tambayar kaina sauran kwanakin da suka gabaci ranar ba. Baƙi suna fita na tsaya a tsakar gida na ce daga yau kazar gidan gona ba ta ƙara shigo mana.

Matata tana wanke-wanke, ko ɗagowa ba ta yi ba. "To, Malam. An ƙara muku albashi ne ban ji ba?"

Da gaskiyarta. Kuɗin da zai ba ka ƙatuwar kazar gidan gona, da ƙyar ya ba ka kazar Hausa guda, wadda in an fige ta sai ka rantse tantabara ce. Ga yara huɗu, kowa da idonsa a kan cinya. Naman da muke ci duk sati ya koma sai an ga dama. Kuma ko a kasuwa raina bai kwanta ba, don kajin Hausar ma na tarar an ɗaure su tari-tari ta ƙafa, an yar a rana tun safe babu ruwa. Na tsaya na yi wa mai kajin wa'azi. Ya saurare ni har na gama, ya ce in saya ko in matsa, ina tare masa ciniki. Na zama mutumin da ba ya iya karɓar tsire sai ya tambayi daga ina aka kawo saniyar. In an gayyace ni walima, in zauna ina juya nama da cokali ina ƙare masa kallo. Ban ji daɗin kaina ba, kuma na kasa dainawa.

Ana cikin haka na tuna da Inna. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta mata biyu suna aure a nesa, tana zaune a sashenta cikin gidan dangin mijin, ita da ciwon gwiwa da kajinta. Wata Asabar na hau motar Gwaram, daga can na hau acaɓa.

Abin da na gani a tsakar gidanta ya sanyaya mini rai. Kaji sun fi goma, ja da baƙi da wake-wake, suna tono a gindin darbejiya, wasu suna birgima a ƙasa. Inna takan cusa karmami da busasshen kashin shanu a tsohuwar tukunya, ta yayyafa ruwa, ta kife a bakin suri, da safe ta ɗingisa ta ɗauko cike da gara ta zazzage musu. Ta san wadda ke satar ƙwai a bayan rumbu, ta san wadda ba ta iya riƙon 'ya'ya. In inuwar shaho ta gifta, kafin uwar ta yi ƙara Inna ta riga ta.

"Kajin nan da kake gani akuyata ce," in ji ta, tana watsa musu tsaki. "In sun ƙaru in kai su kasuwar Sara, in haɗa in sayi 'yar akuya. Ta haihu, in gwiwar nan ta tashi in sayar da ɗa ɗaya in sayi magani. Ba sai na aika wa kowa ba. Na gaji da aike, ɗan nan."

Na ji maganar sarai, har na ce Allah ya nufa. Sannan a zama ɗaya, ba tare da na ga wani abu a ciki ba, na ce ta sayar mini da zakara guda. A tunanina taimaka mata zan yi: zan biya ta fiye da farashin kasuwa, ta huta da ɗan kwamisho, ni in samu naman da zan ci da kwanciyar rai.

Inna ta ajiye ƙwaryar ta dube ni. "Ni zan sayar maka? Ɗan yayata? Uwarka ce ta goye ni. In ji a gari an ce na karɓi kuɗin kaza a hannunka, in sa fuskata ina?"

Ta kama zakaran da ya fi kowanne girma ta miƙo mini. Da zan tafi na tura kuɗi ƙarƙashin tabarma ina jin na yi dabara. Bayan kwana huɗu wani direban motar Gwaram ya kawo mini ƙullin kuka da daddawa, kuɗina suna tsakiyar kukar a ƙulle cikin leda. Zuwa na biyu na ce na goro ne. Ta karɓa ta sa mini albarka, da na zo hawa acaɓa ta damƙa mini su ta ce in saya wa jikokinta alewa. Daga nan na haƙura, na ce halin tsofaffi ne, ba a iya musu. Nakan riƙa mata sabulu da sukari dai, in ji kamar mun yi daidai.

Haka na mayar da hanyar Gwaram tawa, kusan duk wata. Ban ƙara cewa a sayar mini ba, ban ma ƙara roƙa ba. Ina gama gaisuwa za ta tashi ta kamo mini kaza, don ta riga ta san ɗan yayarta ba ya cin kazar birni. Ni kuwa ba na yarda a rataye mini kaza a hannun babur kai a ƙasa. Kwali nake zuwa da shi, na huhhuda shi, na shimfiɗa ciyawa, in rungume a cinya. Wani ɗan acaɓa ya taɓa tambayata ko asibiti za a kai ta. A makaranta kuwa bakina bai mutu ba. Duk wanda na gani da soyayyiyar kaza a leda sai na ba shi labarin wadda ta kasa kai wuyanta ga ruwa, sannan in ba shi labarin gara da gindin darbejiya. Ina jin daɗin faɗar cewa ni na san rayuwar abin da nake ci.

Matata ta sha cewa kuɗin motar kaɗai ya isa kaza da rabi, ina ce mata ba ta gane ba. Ranar da ta tsayar da ni, tana fige ta ƙarshen da na kawo ne, wata 'yar sagara da ko ƙwai ba ta fara ba.

"Malam, wannan ai ba ta isa yanka ba. Da manya kake kawowa. Nawa suka rage wa Inna?"

Ni da na san kalar kowace kaza a gidan, ban taɓa duba ko suna raguwa ba.

"Kuma ita," ta ci gaba, "ka taɓa ganin ta ci ko ɗaya?"

Satin nan ban zauna lafiya ba. In shiga aji in manta inda na tsaya, in fito in zagaya, in dawo. Na yi ta lissafa zuwan da na yi, da biyun da ta ba ni da Sallah, da biyun da ta ba ni da matata ta yi zazzaɓi. Na tuna ta taɓa ambata cewa ciwo ya shiga kajin ƙauyen lokacin sanyi ya ɗebi nata uku, na ce Allah ya mayar da alheri, na karɓi tawa na tafi. Kunya ta kama ni, irin wadda ke hana mutum zama wuri ɗaya. Asabar na yi na kama hanya, ban ɗauki kwali ba.

Tsakar gidan shiru. Kaza ɗaya ce, tsohuwar wake-waken nan uwar sauran, da 'yan tsaki biyar a bayanta. Tukunyar gara tana kife a gefe. Inna tana zaune ta miƙe ƙafa, gwiwar ta kumbura ta ɗaure da tsumma. Na gaishe ta, na yi sauri na ce yau gaisuwa kawai na zo, ba zan tafi da komai ba.

Nan na yi kuskuren da ya fi na baya. Na faɗe shi ina kallon kazar. Inna ta bi idona, ta dubi hannuna babu kwali, fuskarta ta canja.

"Ka ga gidan ya bushe ko?"

"A'a, Inna, ba haka ba ne."

"To mene ne? Wata tara kana zuwa ban taɓa sallamarka hannu rabbana ba."

Na yi ta kame-kame, na ce likita ne ya ce in rage nama. Ta ce to, Allah ya sawwaƙe. Aka kira Azahar na fita masallaci, na tsaya gaisawa da dattawan gari, wani ya ja ni ganin gonarsa. Na daɗe. Ina dawowa tun daga zaure na ji ƙamshi. Ta sa maƙwabci ya yanka tsohuwar kazar. Tunda na ce ba zan ɗauka ba, ta ce ai ci a nan ba ɗauka ba ne, kuma romo ba ya hana bin maganar likita.

Ta ajiye mini kwano a kan tabarma, farfesu da yaji da daddawa. 'Yan tsakin biyar suna zagaye tsakar gida suna kuka, su je gindin darbejiya su dawo, su je bakin akurki su dawo. Na ce ta zo mu ci. Ta ce haƙoranta ba sa iya naman tsohuwar kaza, kuma ita tun da can bai dame ta ba. Na san in na ture kwanon nan na gama wulaƙanta ta, kazar kuma ba za ta tashi ba. Na ci. Ta zauna tana kallona tana korar ƙuda.

"Ta yi daɗi?"

Na ce ta yi. Kuma ta yi ɗin, abin da ya fi ba ni haushi ke nan.

Ƙarshen watan na je kasuwar Sara na sayi 'yar akuya ja, na kai mata da kaina. A gidanmu ba a ga nama ba sai da wata biyu suka wuce. Inna ta shafa bayan akuyar ta yaba, ta ce za ta riƙe mini ita da kyau. Na ce ba riƙo ba ne, tata ce. Ta ce to. Na sake faɗa a gaban mutanen gidan, ta sake cewa to.

Har yau akuyar Malam take ce mata. Ta haihu sau uku, duk haihuwa sai direba ya kawo mini saƙo in zo in ga dukiyata. Gwiwar tana nan tana tashi. In ta tashi, Inna takan jure kwana biyu ko uku, sannan ta aika wa 'ya'yanta ko ta aiko mini. Na roƙe ta ta sayar da ɗa ɗaya ta sayi magani, ta ce ita ba ta sayar da kayan mutane.