Goron da Mompera Ya Ci

A unguwar Zango ta Damagaram, tsofaffi na cewa mace ɗaya ce ta taɓa jan addinin Kirista ɗungurungum ta tsunduma shi cikin siyasa, ita ce Falmata matar Kyari maɗinki. Addinin Kirista ɗungurungum a garin, a lokacin, bai wuce ɗaki guda ba, da 'yan ma'aikatan biro, wato ofishin gwamnati, mutanen Dahome, da limaminsu, wani dogon Bature mai gemu da ake ce wa Mompera.

Falmata 'yar Barebarin Gidimuni ce. A garkar dabinon mahaifinta ta tashi, aure ya kawo ta birni, ta ci gaba da sayar da dabino a ƙofar gida. Kyari kuwa mutum ne da ba ya tambayar tufa inda za ta. Ya ɗinka wa malamai riguna, ya ɗinka wa Mompera farar doguwar rigarsa. Da aka zo ƙuri'ar 1958, wadda aka tambayi mutane ko a zauna da Faransa ko a rabu, ya ɗinka wa masu "I" tuta, ya ɗinka wa masu "A'a". Masu "A'a" suka faɗi, ba wanda ya dawo karɓar saura. Gardawan gwamnati, 'yan sandan lokacin, suka tarar da tutocin a ninke ƙarƙashin keken ɗinki, suka tafi da su har da mai ɗinkin.

A gidan kaso Kyari ya kamu da tari. In Falmata ta kai tuwo takan jiyo shi ta bayan katanga, kullum yana ƙara zurfi. Ga shi ana raɗe-raɗin za a kwashe waɗanda aka kama a kai su arewa, cikin hamada.

Ta yi abin da ta tashi ta ga ana yi. Talaka ba ya tunkarar mai mulki da bakinsa. Malami yake samu ya kama ƙafa da shi, malamin ya je ya zauna a zaure har a ji kunyarsa. Ta bi malaman unguwa. Ɗaya ƙafarsa na ciwo, ɗaya ya tafi Dakusa duba gona. Na ukun ya faɗa mata gaskiya: "'Yata, Kumandan, Baturen da ke mulkin garin nan, ba ya jin kunyarmu. Mu ba malamansa ba ne."

Ta juya maganar a ranta, ta ƙulle goro a bakin zane, ta nufi majami'a. Ta tarar da Mompera yana ba tumatir ruwa. Ta durƙusa ta ajiye goron.

"Malam, mai gidana na hannun mutanenku."

"Na ji, Falmata," in ji shi, da Hausarsa mai ɗingishi. "Amma ni ba na siyasa. Manyana sun hana. Ran Lahadi masu 'I' da masu 'A'a' sahu ɗaya suke zama a gabana."

"Wa ya ce ka yi siyasa? Ni ko kasuwar da ake sayar da ita ban sani ba. Zama kawai za ka yi a ƙofar Kumandan."

"In ce masa me?"

"Kada ka ce komai. Malami ba ya roƙo, zubar da girma ne. Kai dai sa rigar nan da ya ɗinka maka."

Mompera ya girgiza kai. Amma ganin baƙuwa ta kawo abu, don kada ta ji ba daɗi, ya ɗauki goro ɗaya ya ɓare, ya tauna yana yamutsa fuska. Falmata ta miƙe tana kaɗe zane.

"Allah ya saka da alheri, Malam. Gobe da hantsi ke nan."

Bayan ta tafi ne kukunsa ya yi masa bayanin cewa a garin nan wanda ya ci goron kamun ƙafa ya riga ya amsa, kuma kafin la'asar duk Zango za ta sani.

Washegari ya je. Ya zauna a dakalin biro da carbinsa mai gicciye, bai ce uffan ba. Kumandan ya fito ya tambaye shi ko lafiya, ya ce inuwar nan ta fi ta gidansa. Falmata ta kafa faifan dabinonta a tsallaken hanya, don kada malamin ya gaji ya sulale ba ta gani ba. Haka aka yi ta yi, mutane na taruwa kallo. Masu "I" na majami'arsa suka daina gaishe shi. Masu "A'a" na gari suka fara gaishe shi da hannu biyu, abin da ya fi damunsa ke nan. Manyansa suka aiko a tambaye shi ko parti ya shiga. Ya ce a gaya musu goro ya ci.

Wata safiya aka buɗe kaso, Kyari ya fito yana dafa bango. Tarin ya bi shi har damina, sannan ya rabu da shi. Ya rayu har ya ɗinka tutocin bikin 'yancin kai. Mompera bai ga bikin ba, an mayar da shi wata ƙasa, aka ce don lafiyarsa.

Har Falmata ta tsufa, in aka yi gardama a gabanta ko ya dace limaman Kirista su sa baki a sha'anin mulki, ba ta bin kowa. Cewa take, "Ni dai ɗaya na sani, Allah ya ba shi inuwa inda yake." Duk shekara, in dabinon Gidimuni ya nuna, sai ta aika da kwando majami'a, ga limaman da ba su san ta ba, ba su kuma san dalili ba. Suna ci dai.

Wani tsohon gardi ya taɓa tsayawa wurin faifanta ya ba ta labarin yadda abin ya kasance daga ciki. Ta saurara har ƙarshe, ta ƙara masa dabino, ta kuma aika da kwandon shekarar kamar kullum. Abin da gardin ya gaya mata shi ne, ranar da aka saki Kyari, duk waɗanda ke ɗakin aka sallama. Kakar gyaɗa ce ta zo, ana bukatar wurin ajiye buhuna.