Ɓerayen da Suka Wanke Kakata

Shekarun baya, ina karatun digiri na biyu, aikina shi ne kiwon ɓeraye a ɗakin bincike. A garinmu Maska kuwa an riga an yanke hukunci cewa boko ya taɓa ni. Ƙannena har "Sarkin Ɓera" suke kirana, ni kuma ina amsawa.

A lokacin kakata ta fara mantuwa. Mahaifina zai durƙusa ya gaishe ta da safe, ta kalle shi ta ce, "Wane ne?" Shi a ganinsa fushi take yi da shi. Ya nemi gafara har ya gaji, ya tura ƙanwarta biko, ya rame. Mutumin da ke noma masara buhu-buhu ya koma ko tuwo ba ya iya gamawa, tsoronsa kada ta rasu tana riƙe da shi.

Da na zo hutu sai na zauna kusa da shi, na buɗe masa bidiyo a waya. Ɓeraye biyu ne a baho cike da ruwa, da ɗan dandamali a ɓoye ƙarƙashin ruwan, an koya musu wurinsa. Na farko ya nufe shi kai tsaye. Na biyu, wanda aka sa wa ciwon mantuwa irin na kakata, ya yi ta zagaye.

"Wannan me ya hana shi?" in ji Baba.

Na ce wani abu ne ke taruwa a ƙwaƙwalwarsa yana lalata ta, shi ake kira Alzaima.

"Ba gardama yake yi ba?"

"Baba, da wa ɓera zai yi gardama?"

Ya sa na maimaita masa. Can ya ce, "Wato Inna ba ta riƙe ni ba." Sai dariya, sai hawaye, duk a haɗe. Ban taɓa jin daɗin karatuna kamar ranar ba.

Washegari ya durƙusa, ta ce wane ne. Ya ce, "Baƙo ne, Inna, gaisuwa na kawo."

"Ku dama wa baƙon nan fura," in ji ta. "Da ganinsa an yi masa tarbiyya."

Ya shanye tas, ya nemi ƙari.

Har yau ba mu samo maganin ciwon ba, kuma abin yana damuna. Amma Inna ta rasu ɗanta yana kwana da sakakkiyar zuciya, kullum tana shi wa baƙonta albarka.