Fuskar Kuniaki a Duniyar Wata

Shekara talatin da ɗaya Fukiko Nagamine ta yi tana zanen taron jama'a a wani ƙaramin kamfanin fim ɗin zane da ke unguwar Nerima. Jarumai ba nata ba ne, jiragen sararin samaniya ma da masu su. Ita dai a miƙo mata ambulan na aikin daƙiƙa huɗu, ta cika takarda da kawuna. Cikakken labari ba a ba masu zanen taro.

Masu wannan aiki sukan saƙala fuskar wani nasu a cikin mutane. Fukiko ba ta taɓa yi ba sai da ambulan ya zo da rubutu: mahaƙa a duniyar wata, hannu a sama. Ta tuna yayanta Kuniaki, wanda ya sha kulki a yajin aikin ma'aikatan kwal tun tana firamare. Ta sa shi a sahun gaba, da kunnuwansa kamar faifai, ta buga masa waya ta ce lallai ya zo kallo.

Ranar gwaji a kamfani ta ga Kuniaki a farkon fim yana bore, ta ji daɗi. Can wajen ƙarshe, wani janar ya ƙwace mulki, sai ga taron nan dai, hannu a sama, suna yi masa mubaya'a. Ga Kuniaki a gaba.

Ta tare darakta Tsuzuki a bakin matakala.

"Darakta, zanena ne aka maimaita?"

"Kullum ana maimaitawa, Nagamine. Yau kika fara aiki?"

"To mutanen kirki ne ko 'yan amshin shata?"

"Mutane ne."

"Yayana ne a ciki. A cire na biyun."

"Mai kunnen? Shi ya fi kowa fitowa. An riga an rufe aiki."

Ta kasa gane ko dabara ce ko lalaci. Ta tambayi mai haɗa hoto, ya ce shi ma bai sani ba.

Kuniaki ya zo ran Lahadi da sandarsa, suka shiga kallon rana. Da wurin mubaya'ar ya zo ta runtse ido. Bayan an tashi suka zauna shan taliya a shagon gefen tasha, da ya kai rabin kwano sai ya ɗago kai.

"Wa ya gaya miki?"

"Gaya min me, Yaya?"

"Na biyun nan. Wa ya ba ki labari?"

"Ni zane ɗaya na yi."

Ya daɗe yana dubanta, kamar mai neman ƙarya a fuskarta.

"Ko matata ba ta san ni ma na yi irin mubaya'ar nan bayan yajin ba," ya ce.

Fukiko ta buɗe baki, ya ɗaga mata hannu, ya kira mai shago ya ƙaro masa romo.